Nonon ruga da allurar kara: wa zai biya kuɗin madarar da aka zubar?

Tun da 'yan birni suka fara tsoron abin da suke ci, wata magana ta samu gindin zama a bakin 'yan bokonmu. Da an taɓo zancen madarar organik, wadda Turawa ke saye da tsada saboda ba a sa wa ciyawar shanun takin zamani ko maganin feshi ba, sai ka ji wani ya ce ai mu a Kebbi wannan ba baƙon abu ba ne, nonon da Fulani ke kawo mana daga ruga organik ne tun kaka da kakanni, abin da ya rage kawai a buga masa tambari a kai Abuja. Wasu kuma, galibi waɗanda suka taɓa leƙa gonakin ƙasashen waje, cewa suke kiwon ruga ya gama yayi, a kawo shanun Turai a killace, a cika musu ciki, kowace ta ba da jarka guda a yini. Ban yarda da ko ɗaya ba. Amma ta farkon ta fi damuna, domin tana da daɗin ji, kuma tana lulluɓe wata matsala da ke shiga cikin 'ya'yanmu tare da furar da muke dama musu.

A Amurka, kafin a kira madara organik, dole filin da shanun ke kiwo a kai ya shekara 3 bai ga takin zamani ko maganin feshi na kanti ba. Dole saniya ta fita kiwo aƙalla kwana 120 a shekara, kuma a tsawon wannan lokaci kashi 30 cikin 100 na abincinta ya zama ciyawar da ta tsinka da bakinta. In ciwo ya kama ta aka yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, to ta bar garken organik ke nan har abada, kuma dokar ta hana mai ita ya ƙi yi mata magani don kawai ya riƙe tambarinsa. Tarayyar Turai ta ɗan sassauta. Ana yin allurar, amma kwanakin da za a jira kafin a sayar da madarar sai an ninka su biyu, kuma saniyar da aka yi wa irin wannan magani fiye da sau 3 cikin wata 12 ta rasa matsayinta. Duk a rubuce suke, kowace saniya da lambarta a kunne, ga mai bincike da ke zuwa duk shekara ya buɗe littafi. Ƙarin kuɗin da mai saye ke bayarwa, na wannan binciken ne.

Ita kanta madarar, bambancinta da ta kiwon zamani bai kai yadda ake kururutawa ba. Wani babban nazari da masana a jami'ar Newcastle ta Ingila suka jagoranta, wanda ya fito a 2016, ya gano cewa madarar organik ta fi ɗayar wani irin mai mai amfani ga jiki, omega-3, da kusan rabi, amma sinadarin aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, ya fi yawa a ta kiwon zamanin. Kuma abin da ya kawo fifikon man ciyawa ce. Saniyar da ta ci ɗanyen haki ta ƙoshi, madararta takan fita daban, da tambari ko babu.

Ta wannan fuskar kam shanunmu ba su da abin kunya. Gudali da Bunaji da Rahaji a ƙafa suke yini, daga gamba zuwa kyasuwa, daga 'ya'yan gawo zuwa burgun fadama. Wanda ya taɓa tsayawa a ruga da sanyin safiya ya san yadda ake yi. A kwance maraƙi daga igiyarsa ya ruga wurin uwar, ya yi ta tunkuɗar hantsa har nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure kusa da ita tana lasarsa, a haɗe mata ƙafafun baya da igiya, mai tatsa ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Ba a tatse ta ƙarƙaf, sai an bar wa maraƙi rabonsa. A manyan gonakin Turai kuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu ake raba maraƙi da uwarsa. Wannan abu ne mai kyau da muke da shi, kuma ban ga dalilin yar da shi ba.

To amma mu bi mai garken zuwa kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa. Can gefe, bayan 'yan igiya da masu kanwa, akwai mai tabarma ko leda a shimfiɗe, ya jera kwalaben magani a cikin rana tsaka, wasu rubutun jikinsu ya koɗe, wasu an rubuta su da harshen da shi kansa mai sayarwar bai iya karantawa. Ga ruwan allurar kashe ƙwayoyin cuta mai kalar zuma da kowa ya sani da LA, ga ƙunshin maganin sammore, ga na hanta, ga na kaska, ga sirinji. Makiyayi zai tsuguna ya ce saniyarsa ta daina cin abinci, gashinta ya tashi. Ba a ga saniyar ba, ba a san nauyinta ba, za a miƙo masa kwalba biyu a ce ya haɗa. Da yamma ya soka mata a cinya. Washegari da safe a tatse ta kamar kullum, madarar ta shiga ƙwarya ɗaya da ta sauran shanun, ta kwana, ta zama kindirmo, ta hau kan mai talla zuwa Jega ko Bunza ko Argungu.

A jikin kowace kwalba ta gaskiya an rubuta kwanakin da za a ƙaurace wa madarar bayan allura. Wani maganin kwana uku ne ko huɗu, wani mako guda ko fiye, wasu ma an rubuta kada a yi wa saniyar tatsa su sam. Dalili shi ne maganin na fita ta cikin nono. Tafasawa na kashe ƙwayoyin bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, da na tarin fuka, shi ya sa bai kamata kowa ya sha ɗanyar madara ba, amma ba ta kawar da ragowar maganin gaba ɗaya. Matan ruga sun san wannan da idonsu tun kafin wani masani ya faɗa, domin akwai ranar da nono ke ƙin yin barci, ya kwana ya tashi tsararo, saboda maganin ya kashe ƙwayoyin da ke sa shi kamawa. Abin da ya hana nono barci a ƙwarya, shi ne yaro ke sha kaɗan-kaɗan. Ƙwayoyin cutar da ke cikin jikinsa suna sabawa da maganin, ranar da ciwo ya kwantar da shi aka ba shi irinsa a asibiti, sai ya ƙi ci. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Ba nono kaɗai ya jawo haka ba, mu ma muna shan magani barkatai, amma nono na cikin hanyoyin, kuma shi ne abincin da muka fi ba ƙananan yara da marasa lafiya da zuciya ɗaya.

Nan ne na fi so a tsaya a yi tunani, domin faɗar "a daina sayar da madarar saniyar da aka yi wa allura" ba ta da wuya ga wanda ke cin albashi. A gidan Fulani shanu na maigida ne, amma nono na mace ne. Da shi take sayen gero da gishiri da sabulu, da shi take yi wa 'yarta kayan ɗaki, kuma ba ta neman izinin kowa kan kuɗinsa. Sirinji yana hannun namiji, asarar kuma a ƙwaryar mace za ta faɗa. Saniyarmu abin da take bayarwa bayan rabon maraƙi bai wuce lita ɗaya zuwa biyu a yini ba, da rani ma bai kai ba. Matar da ke da shanun tatsa huɗu, ka ce ta zubar da na guda har mako, ka cire mata kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za ta ci ke nan. Ka tsaya ka ce mata, "Inna, wannan nonon da magani a ciki, bai kamata a sai da shi ba," amsar da za ka ji ba ta wuce, "Ɗana, in na zubas, mi ɗiya za su ci?" Kuma tana da gaskiya. A kasuwa ludayin nono mai magani da marar magani kuɗinsu ɗaya. Wadda ta zubar ta yi asara, wadda ta sayar ba wanda ya sani. Manomin organik na Turai yana zubar da tasa madarar ne domin an riga an biya shi kuɗin zubarwar a cikin farashi, kuma in ya ƙi, tankin da ke zuwa ɗauka zai gwada ya gano. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin biyun, ba ƙarin farashi, ba gwaji.

Haka nan abincin rani. Dusa da angurya da ƙuli da ake saye a kasuwa, in sun sha danshi suka yi fumfuna, suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke ratsa jikin saniya ta fito a madara, tana kuma lalata hantar mutum. Ita ma wuta ba ta kashe ta. Karan shinkafa da harawar waken da shanu ke ci bayan girbi kuwa, daga gonakin da suka sha taki da feshi suka fito. Da mai bincike zai zo daga Amurka da littafinsa, da wuya ya samu garke guda a faɗin jihar nan da zai sa wa hannu.

Sai masu cewa a koma kiwon zamani ɗungurungum. Gaskiya ne saniyar Holstein a Amurka tana ba da fiye da lita 10,000 a shekara, abin da tamu ba za ta haɗa ba ko a shekara goma. Gaskiya ne kuma kamfanin madara na Arla ya buɗe gona a Damau ta jihar Kaduna a 2023 da shanun da aka ɗauko daga Denmark. Amma wannan aikin kamfani ne mai rijiyar burtsatse da lantarki da likita a kusa. Saniyar da zafi ke fara damunta tun bai kai digiri 30 ba, wadda ke iya shan ruwa fiye da lita 100 a yini, ka kawo ta Birnin Kebbi a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka damƙa wa magidancin da ke jan ruwa da guga, ka ɗora masa bashi ne kawai. Kuma saniya mai yawan nono ta fi saurin kamuwa da ciwon hantsa, wato ƙarin allura. Abin ɗauka a kiwon zamani yana nan, amma ba shi ne wanda ake ɗaukar hoto da shi ba. Rigakafin ciwon huhu da na harbin daji da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi, in ya iso ruga da sanyinsa a kan lokaci, zai rage yawan allurar da ake bugawa a makance. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana haɗa jinin Bunaji da na shanun Turai don a samu ruwa biyu masu jure zafi. Ga Gudalinmu da aka san ta da nono a cikin shanun ƙasar nan, ga Azawak a maƙwabta, wadda Nijar ta keɓe wa tasha a Tukunus tana zaɓen masu kyau. Iyali mai shanu goma zai iya riƙe irin waɗannan.

Babban abin da ke hana mu madara yunwar rani ce. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa na rani ya ƙara mamaye fadamun Rima da na Kwara. Jihar ta yi suna, manoma sun samu, ba na ƙyashi. Amma waɗannan fadamun su ne inda shanu ke sauka su ci burgu su sha ruwa daga hunturu har faɗuwar damina. Yanzu sun zo sun tarar da kore shar ko'ina, ba hanyar mashaya, burtali ya zama gona. Da can manomi ne ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya haɗa masa da damin gero. In akwai abin da ya cancanci a kira organik a tarihinmu, wannan ne, kuma muna kallo yana mutuwa. A yau sai ka ga tulin karan shinkafa an cinna masa wuta a gona, shanu kuma ga su can a tudu haƙarƙari a waje.

Wannan karan da ake ƙonawa zai iya riƙe saniya. Shi kaɗai ba shi da ƙarfi, amma in aka narka yuriya kimanin kilo 4 a ruwa aka yayyafa wa kara kilo 100, aka danne a rami aka rufe da leda har mako 3, yakan yi laushi, saniya ta ci da yawa, ya kuma fi narkewa a cikinta. Dabara ce da aka daɗe ana amfani da ita a ƙasashen Asiya masu shinkafa. Tana son wanda ya iya ya koyar, domin yuriya in ta yi yawa tana kashe dabba, kuma ba a ba ƙananan maruƙa. Na kawo ta ne don in nuna inda bin dokar wasu ido rufe zai kai mu, domin dokar organik ta Amurka ta haramta sa yuriya a abincin dabba. Wato da za mu rungumi tambarin nan yadda yake, abin da zai fi taimakon saniyar Kebbi a bazara shi za mu fara hana ta. Ni kam na fi son saniya mai ƙoshi da karan da aka gyara, a kan wadda ta rame har cuta ta samu ƙofa aka bi ta da allura.

Yunwar ranin nan ce ma ta shigo da madarar gari har cikin ƙwaryar talla. Idan shanu sun ƙafe, mai nono ba za ta bar masu sayenta su tafi ba, sai ta ƙara ruwa da garin 'ya'yan kuka, ko ta auno madarar gari a kanti ta dama ta kwantar. Mafi arhar garin nan kuwa an cire masa man shanunsa tun a Turai an maye da man kwakwar manja. Harajin da ƙasashen ECOWAS ke ɗora wa manyan buhunansa kashi 5 ne kacal cikin 100. Gwamnati da bakinta tana cewa Najeriya na kashe kimanin dala biliyan 1.5 duk shekara wajen shigo da madara. A 2020 Babban Banki ya taƙaita ba da dalar shigo da ita ga kamfanoni 6 da suka yi alkawarin zuba jari a cikin gida, a 2024 aka janye taƙaitawar. A shekarar ce kuma aka kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi ta tarayya. Duk wannan kai da kawowa, matar da ke tafe da ƙwarya daga ruga zuwa Kamba ba ta ga canji a kanta ba.

Abin da nake so gwamnatin jiha da masu kuɗinmu su yi ba sabo ba ne a duniya. Indiya ta fara shi a garin Anand a 1946 da ƙungiyar masu shanu ɗaya ko biyu, ta faɗaɗa shi daga 1970, yau ba ƙasar da ta kai ta yawan madara. Safe da yamma mace ta kai abin da ta tatsa, a auna, a gwada, a biya ta. Ko a nan kusa, a Hamdallaye da Kollo da ke kewayen Yamai, akwai irin waɗannan wuraren tara madara. Ɗaki guda ne da tanki mai sanyaya, wanda sola za ta iya riƙewa, da ma'auni, da 'yar takardar gwaji da ake tsomawa ta nuna ko akwai ragowar magani cikin mintuna. Na san tsaro ya hana a yi wannan a ko'ina. Wanda ya ga yadda satar shanu ta ɗaiɗaita ƙasar Zuru, ko abin da Lakurawa suka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, ba zai ce a kai tanki tsakiyar daji ba. Amma wannan tashin hankalin ya sa rugage da yawa sun matso bakin garuruwa, inda babur ke isa cikin rabin sa'a. Daga nan ya kamata a fara. Jami'ar aikin gona ta Zuru da jami'ar jiha ta Aliero suna da ɗaliban da za su iya riƙe gwajin da koyar da gyaran kara.

Sharaɗin da nake ganin in babu shi duk aikin banza ne, shi ne na zubarwa. Madarar da ta tsallake gwaji a saye ta sama da farashin kasuwa, yadda mace za ta ga bambancin a tafin hannunta. Wadda kuma ta zo da kanta ta ce an yi wa saniyata allura jiya, ga nononta na ware, a karɓa a biya ta wani kaso, ko rabi ne, a zubar a gabanta, a tura malamin dabbobi ya duba saniyar ya rubuta ranar da za a koma karɓa. Kuɗin wannan ya fito daga ɗan ƙarin da mu masu sha a birni za mu biya a kan kowace roba, da kuma aljihun gwamnati a shekarun farko. Asarar kuɗi ce ƙarama in aka kwatanta da kwanciyar yaro guda a asibiti da ciwon da ya ƙi jin magani. Kuma a biya matar da ta kawo, hannu da hannu ko ta wayarta, kada a bi ta asusun maigida ko na Arɗo. An sha ganin inda kamfani ya shigo sayen madara, ciniki ya koma hannun maza, matan da suka riƙe sana'ar tun asali suka tashi a tutar babu. In aka yi haka a Kebbi, ita za ta ci gaba da kai ƙwaryarta kasuwa yadda ta saba, da nonon saniyar da aka yi wa allura a ciki.